Tsohon da Ba a Ƙirga Ba: Taƙaddamar Lasisin Kamun Kifi a Amurka

Har zuwa ƙarshen shekarar 2012, idan jami'in hukumar kula da kifi da namun daji ya tarar da dattijo a bakin tafki a jihar Kansas ta Amurka, yana zaune kan 'yar kujerarsa mai naɗewa, bokiti a gefe, gwangwanin tana a gindin ƙafa, fatsa cikin ruwa, maganarsu ba ta kai minti ɗaya. Jami'in ya nemi lasisi. Dattijon ya laluba aljihu, ya zaro lasisin tuƙi, ya ɗora yatsa kan ranar haihuwarsa. In ɗan jihar ne kuma ya cika 65, shi ke nan, a yi sallama. Daga 1 ga Janairun 2013 wannan yatsan ya daina aiki. Majalisar jihar ta yi doka, Gwamna Sam Brownback ya sa hannu, cewa duk mai shekara 65 zuwa 74 sai ya yanki lasisi: ko na shekara a rabin farashi, ko na iya rai a kan dala 42.50, wanda ya haɗa masa kamun kifi da farauta. Waɗanda suka kai 75 ne kaɗai aka bari da tsohon gatansu.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma duk jihar da ta taɓa wannan gata sai ta sha surutu. Abin da dattawan ke cewa kusan iri ɗaya ne ko'ina: shekara arba'in muna yankar lasisi ba fashi, da kuɗinmu aka gina gidajen ƙyanƙyasa da mashigin jiragen ruwa, yanzu da muka ajiye aiki muka koma kan fansho ne za a ce mu sake zaro walat? Magana ce mai shiga rai, musamman ga wanda ya tashi inda ake karɓar wa tsoho kaya a hanya. Ni ma da ita na fara. Da na bi sawun kuɗin ne na ga cewa kyautar nan tana cutar wanda ake yi dominsa.

Dole a fara da wani bambanci. A wurinmu su sana'a ce, ta Sarkawa da masunta masu koma da taru da gora. A Amurka yawancin masu zama bakin ruwa da fatsa nishaɗi suke yi. Wasu ma in sun kama kifin sai su auna shi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Duk da haka kusan kowace jiha tana buƙatar baligi ya mallaki lasisi kafin ya jefa ƙugiya, kuma kowace da nata farashi da nata ƙa'ida. Tunanin da ke ƙarƙashin abin ba baƙo ba ne gare mu. Wanda ya san yadda ake hana taɓa ruwan Matan Fada a Argungu sai ranar biki, ya san cewa kifi yana ƙarewa in babu mai tsaron ruwa. Tambayar ita ce wa zai ciyar da mai tsaron.

A mafi yawan jihohin Amurka amsar ita ce masu fatsa da mafarauta da kansu. Hukumomin kifi da namun daji ba su cika samun wani abin kirki daga baitulmalin jiha ba. Hukumar kifi da jiragen ruwa ta Fensilbaniya, alal misali, ba ta dogara da harajin gama-gari wajen gudanar da aikinta. Lasisi da rajistar jiragen ruwa da kason tarayya ne abincinta. Kansas tana da gidajen ƙyanƙyasar kifi huɗu, a Pratt da Milford da Meade da Farlington. Daga irin waɗannan gidaje ne mota mai tankuna ke tasowa da sassafe, ta ja da baya har bakin wani ɗan tafki na cikin gari, direba ya buɗe bututu, kifayen da aka yi wata da watanni ana ciyarwa su zubo kamar an kwance bakin buhu. Kafin motar ta juya, masu fatsa sun jeru. Wa kake tsammani zai fi yawa a wannan sahu ranar Talata da hantsi? Mai aikin ofis yana ofis, yaro yana makaranta. Ɗan fansho ne ke da Talata. Kifin da ya ɗauka ya sa a bokiti an saya masa abinci, an biya wutar injin da ke ba shi iska, an biya man motar da ta kawo shi, kuma kuɗin ba su ragu ba don wanda ya kama shi yana da furfura.

Wannan ita ce hujjar da aka saba ji, kuma ba ita ce mai ƙarfin ba. Mai ƙarfin tana ɓoye cikin wata dokar tarayya ta 1950, wadda ake kira da sunan waɗanda suka kawo ta, ɗan majalisar wakilai John Dingell na Michigan da Sanata Edwin Johnson na Kolorado. Dokar ta ware harajin kashi 10 cikin ɗari da ake ɗora wa kayan kamun kifi, wato sanda da zare da ƙugiya da sauran tarkace, ta ce a tara shi a asusu guda. A 1984 aka faɗaɗa ta, aka haɗa da wani kaso na harajin man da jiragen ruwa masu inji ke sha. Kamfanin da ya ƙera kayan ko ya shigo da su shi ke biya, amma kowa ya san a kan mai saye yake sauka. A 'yan shekarun nan abin da ake raba wa jihohi daga wannan asusu yana kaiwa wajen dala miliyan 400 a shekara. Jiha ta yi aikin da aka amince da shi, tarayya ta biya kashi 75 cikin ɗari, jihar ta cika 25, galibi daga kuɗin lasisi. Akwai kuma sharaɗi mai kyau: jihar da ke son kason dole ta yi dokar da ta hana karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki daban. Gwamna ba zai ɗebe su ya yi kwalta ba.

To, yaya ake rabon? Kashi 40 bisa girman jiha, ƙasa da ruwa. Kashi 60 bisa yawan mutanen da suka sayi lasisi. A lura da kalmar: suka saya. Wanda aka yafe wa, ko aka ba shi takarda kyauta ba tare da wani ya biya a madadinsa ba, ba ya shiga lissafi. A ƙa'idar da aka sabunta a 2019, sai hukumar jiha ta samu aƙalla dala 2 a shekara daga lasisin kamun kifi kafin a ƙirga mai shi.

Yanzu mu koma wurin dattijonmu na bakin tafki. Ya je kanti ya sayi sabuwar sanda, ya sayi zare da kwalin ƙugiyoyi. Harajin tarayya yana cikin farashin, ya biya. In yana da ɗan jirgi ya zuba mai, ya sake biya. Kuɗin suka tafi asusun tarayya. Ranar rabo aka ce wa jiharsa ta kawo adadin masu lasisi, ta kawo, babu sunansa, domin an karrama shi da yafiya. Sai kasonsa ya bi wata jiha da ta karɓi ɗan abin da ba a rasa ba daga hannun tsofaffinta. In ka yi lissafin kan yatsa, kashi 60 na miliyan 400 ya kama miliyan 240, masu lasisin da ake ƙirgawa a ƙasar kuwa suna wajen miliyan 30, ka ga kowane kai yana jawo kimanin dala 8 ke nan a shekara. Saboda an ƙi karɓar dala 2 a hannunsa, tafkin da yake zama ya rasa wajen dala 10, kuma 8 daga ciki shi da ire-irensa ne suka riga suka zuba. Wannan ba karramawa ba ce, an dai shafe shi daga littafi ne cikin ladabi.

Jojiya ta gane wannan. A 2017, lokacin Gwamna Nathan Deal, jihar ta ƙara farashin lasisi karon farko tun 1992, ta kuma taɓa gatan dattawa, amma da dabara. Wanda aka haifa kafin 1 ga Yulin 1952 ya ci gaba da samun lasisinsa na iya rai kyauta. Wanda aka haifa daga wannan rana zuwa gaba, in ya cika 65, zai biya dala 4 a shekara don kamun kifi. Dala 4 ba ta sayen cikakken abincin rana a Atlanta. Ba don ta cika asusu aka sa ta ba, tikitin shiga ƙidaya ce. Niyok tana karɓar dala 5 daga mai shekara 70, alhali sauran 'yan jiha suna biyan 25. Teksas tana karɓar 12 daga mai 65 don kamun kifin koguna da tafkuna, saura suna biyan 30. A ɗaya gefen akwai Filorida, matattarar 'yan fansho, inda ɗan jiha mai 65 katin shaidarsa ya ishe shi. Haka ma lardin Ontariyo a Kanada.

Me ya sa sai yanzu abin ya dame su, bayan shekaru ana yafiyar ba wanda ya ce uffan? Yawa ne. 'Ya'yan da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1946 zuwa 1964, tarin jama'a ne da Amurka ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma su ne ƙashin bayan masu yankar lasisi. Daga 2011 suka fara cika 65, kusan mutum 10,000 kowace rana. Zuwa 2030 dukansu sun haye, kuma hasashen hukumar ƙidaya shi ne mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar zai kasance mai 65 ko fiye. Ka zama kai ne akawun hukumar kifi. Kowace safiya wasu daga cikin amintattun masu biyanka suna tsallakawa daga sahun masu biya zuwa sahun 'yan kyauta, ba su bar ruwan ba, ƙara zama ma suka yi. Yafiyar da aka tsara don 'yan tsiraru ta zama ta ayari guda.

Ita kanta lambar 65 ɗin aro ce. Daga dokar fanshon tarayya ta 1935 ta samo daraja, kuma ita fanshon ta matsa gaba: wanda aka haifa daga 1960 sai ya kai 67 zai karɓi cikakken haƙƙinsa. Ingila ta bi wannan hanya, inda rangwamen lasisin fatsa, wanda ke sauke kusan kashi ɗaya cikin uku na farashi, ya koma farawa daga 66 kamar shekarun fanshon gwamnati na lokacin. A can ba a yafe wa tsoho gaba ɗaya. Yara ne ke shiga kyauta, wanda aka kama ba lasisi kuma tarar tana iya kaiwa fam 2,500.

Sai batun talauci, inda nake ganin masu kare yafiya suka fi rauni, kuma suka fi gaskiya a lokaci guda. A 1959 sama da kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin Amurka suna cikin talauci. A wancan zamani in ka ce tsoho kusan ka ce mabuƙaci, don haka yafiya bisa shekaru hanya ce mai sauƙi ta isa ga mai buƙata. Fansho da inshorar lafiya ta tsofaffi da aka kafa a 1965 sun sauya wannan. Yanzu adadin yana wajen kashi 10 cikin ɗari, kuma waccan tsarar ta bayan yaƙi ce ke riƙe da kusan rabin dukiyar gidajen ƙasar. Ga mutum ya ja jirgin ruwa na dubban daloli da motarsa, ya sauke shi a mashigin da kuɗin lasisi ya gina, bai biya ko sisi na lasisi ba. Ga ɗan shekara 28 mai 'ya'ya biyu, leburan sito, ya zo da sandar da ya saya a gwanjo, ya biya cikakken farashi. Wannan kashin dankali ne da aka yi wa kwalliya da sunan girmama manya.

Amma kashi 10 ɗin nan mutane ne, miliyoyi. Akwai tsohuwar da fanshonta ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, wadda tarwadar da ta kamo a kogi miyar dare ce, ba hoto ba. Kaliforniya ta ce to, a bi buƙata maimakon shekaru: babu rangwame don ka tsufa kawai, amma mai 65 da ke karɓar tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi zai samu lasisi a farashi ƙanƙani. A takarda wannan ya fi kowane tsari adalci. A aikace yana nufin tsoho ya nemo shaidar cewa shi talaka ne, ya kai wa hukuma, kuma duk wanda ya san tsofaffi ya san da yawansu sun gwammace su haƙura da kifin da su je su tona asirin kansu gaban ɗan cikinsu. Waɗanda suka ɗara layin tallafin da ɗan kaɗan kuma sun faɗa rami, su biya cikakke a jihar da lasisinta ke cikin masu tsada. Abin da ya ɗan rage zafin shi ne kowa yana iya kamun kifi ba lasisi daga gadojin jama'a da ke shiga teku. Shi ya sa na fi karkata ga tsarin Jojiya. Farashin da ya yi ƙasa har ba wanda zai kasa ya kawar da buƙatar tambayar kowa halin aljihunsa. Attajirin mai jirgi ya ci araha, gaskiya ne, amma da ma yana biyan nasa ta mai da rajista.

Akwai wani tsoron da ba na raina shi. Hukumomin nan suna kuka cewa matasa ba sa shigowa harkar kamar da, kuma wanda ya fi koya wa yaro ɗaura ƙugiya shi ne kakansa. Yara 'yan ƙasa da 16 a yawancin jihohi ba sa biya. In ka kori kakan saboda 'yan daloli, ka kori jikan da zai yi shekara hamsin yana yankar lasisi. Sai dai a ganina ba kuɗin ne ke korar tsoho ba, hidimar ce: buɗe shafi a intanet, kalmar sirri da aka manta, kuɗin dillali da ake ɗorawa wanda a kan ƙaramin lasisi yake kusan kamo farashin lasisin kansa, da tuna ranar sabuntawa kowace shekara. Lasisin iya rai irin wanda Kansas ta fito da shi a 2013 ya fi dacewa da tsoho saboda haka. Ya je kanti sau ɗaya, ya biya, ya sa kati a walat, hukuma kuma ta ci gaba da ƙirga shi na wasu shekaru gwargwadon abin da ya biya.

Kada kuma a ɗauka hujjar ƙidayar nan ba ta da ɓaraka. Asusun tarayya ba ya ƙaruwa don an ƙara kawuna; tuwo ɗaya ne ake yankawa. In kowace jiha ta sa tsofaffinta cikin lissafi, kason kowane kai ya ragu, kusan a koma gidan jiya. Wadda ta riga ta ci riba, wadda ta makara ta yi asara, shi ya sa abin ya zama tsere. Dokar kuma ta ce babu jihar da za ta karɓi fiye da kashi 5 cikin ɗari, babu wadda za ta gaza kashi 1. Alaska, saboda girmanta, tana manne da rufin nan, don haka tana ba ɗan jiha mai shekara 60 katin dindindin kyauta ba tare da ta rasa komai daga tarayya ba. Abin da ya zama wauta a wata jiha, a Alaska lissafi ne daidai. Duk wanda ya ce maka amsa ɗaya ce ga jihohi 50 bai duba yadda ake rabon ba.

Mizuri ce ta fi ba ni sha'awa, domin ta kauce wa tarkon tun daga tushe. A 1976 masu zaɓe a jihar suka amince a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na kashi ɗaya cikin ɗari a kan harajin saye da sayarwa, a ba hukumar kare daji da ruwa. In ka yi sayayyar dala 8, senti ɗaya nata ne. Wannan ɗan mitsitsin haraji ne ke kawo fiye da rabin kuɗin hukumar a yau, kuma kowa ke biya: mai fatsa, mai kallon tsuntsaye, da wanda bai taɓa zuwa bakin kogi ba amma yana shan ruwansa. Mizuri tana barin ɗan jiha mai 65 ya kama kifi ba lasisi, in ban da kifin ruwan sanyin da ake kiwo a zuba, wanda ke da takardarsa daban. Tana iya wannan karamci ne don tukunyarta ba a kan murhu ɗaya take ba. Jihar da ba ta yi irin wannan tanadi ba, in ta ce za ta yi karamcin Mizuri, da aljihun leburan siton nan take yi. Akansas ta kwaikwayi tsarin a 1996, amma jihohin da suka yi hakan 'yan ƙalilan ne, don kalmar haraji ba ta da farin jini a akwatin zaɓe.

Saura alkawari. Mutumin da ya kai 64 yana ƙirga watanni, an gaya masa tun yana saurayi cewa ranar da ya cika 65 ruwa nasa ne, yana da haƙƙin jin an yi masa sakiyar da ba ruwa. Ba dalar ce ke masa ciwo ba. A nan ne Kansas ta yi gaggawa, don ta karɓe gatan har daga hannun waɗanda suka riga suka fara mora: ɗan 70 da ya shekara biyar yana nuna lasisin tuƙi ya wayi gari ana ce masa ya koma layi. Jihohin da suka ɗaure gatan da ranar haihuwa sun fi hikima. Ba a ƙwace wa kowa abin da ke hannunsa, ƙofar ce ke rufe kanta sannu a hankali. Ohayo ta tsayar da nata kan waɗanda aka haifa kafin ƙarshen 1937. Teksas ta tsayar kan 1 ga Janairun 1931, kuma layin yana nan cikin dokokin kamun kifin jihar: wanda aka haifa kafin wannan rana ba ya buƙatar lasisi. Autan cikinsu ya haura 90 da daɗewa. In jami'i ya ci karo da ɗayansu a bakin tafki da fatsa a hannu, yatsa kan ranar haihuwa har yanzu ya wadatar.